Akurkin Gilashin Kaka Abarshi

Zuwa ga Malam Edita, gaisuwa da ladabi.

Ina roƙon gafararka, da ta masu karatu, da na ɗauki alƙalami a kan abin da ya fi ƙarfina. Na san ta'aziyya aikin manya ne, waɗanda suka san mamaci tun yana da ƙarfinsa, suka kuma iya jera magana. Ni kuwa 'yar makaranta ce, aji uku nake a sakandaren 'yan mata, ko a cikin aji ban cika ɗaga hannu ba. Sunana Huraira, 'yar Malam Ja'afaru na Birnin Gwari. Na jira mako uku ko wani babba zai rubuta, ban ga an rubuta ba. Sai na tuna wanda ya rasu ba hakimi ba ne, ba alƙali ba, ba ma'aikacin En'e ba. Mai lambu ne. In ban rubuta ba, ina jin babu mai yi. Inda na yi kuskure a gyara mini.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa kakana, mahaifin mahaifiyata, Malam Abarshi mai lambu, rasuwa ranar Talata, goma ga watan Safar, wato 26 ga Agusta, 1958, da hantsi, a gidansa na bakin fadama, bayan ciwon ƙirji na kwana huɗu. Ba a san shekarunsa daidai ba. Shi dai yakan ce yana kiwon awaki ya fara ganin Bature. An yi masa sutura bayan azahar, ana ɗan yayyafi.

Duk wanda ya taɓa bin hanyar fadama da safe ya san gidansa, ko bai san shi ba, saboda wani abu da ke ƙyalli a bayan danga idan rana ta fito. Mutanen gari suna ce masa akurkin gilashi. Ɗan ɗaki ne da bai wuce shimfiɗar tabarma biyu ba, ginin ƙasa zuwa gwiwa, daga nan gilashi ne har rufi. Babba ba ya shiga sai ya durƙusa. A ciki Kaka yake renon kayan lambu, tumatir da tattasai da yalo, wata shekarar har kabeji, tun suna ƙwaya har su isa dashe.

Asalin abin, ya yi shekaru yana aikin lambu a tsohon bariki, wajen wani Baturen gandun daji. A can ya ga ana kifa gilashi a kan iri don kada ruwan damina ya doke shi. Da aka rushe barikin za a gina sabo, aka jibge tsofaffin tagogi a bayan kicin. Ya roƙa, aka bar masa. Ɗaya ɗaya ya riƙa ɗauko su a ka, naɗe cikin tsohuwar zana, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Kakata, Iya Huseina, ta ce ranar da ya gama ginin ta dube shi, ta dubi ɗakinsu na ciyawa da yake zuba, ta ce, "Malam, tumatir a gidan Bature, mu a ƙarƙashin yoyo?" Ya ce, "Ke ai kin yi ƙwari, ruwa ba ya karya ki." Shekara ashirin ke nan, har bana ba ta daina tuna masa ba.

Kaka, ban san yadda zan kwatanta wa wanda bai taɓa shiga ɗakin nan ba yadda yake da sassafe. Gilashin yakan yi gumi, sai dajin da ke hayin fadama ya narke, ya koma kore mai motsi, kamar an nutsar da shi a cikin kogi. Ɗigo ya taru, ya gangaro, ya buɗe wata 'yar hanya. Ta nan sai in hango reshen ɗorawa guda ɗaya sarai, ko balbela tana wucewa, kafin gumin ya sake rufewa. Ga ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da na ganyen tumatir. Ba a jin komai sai numfashinka da kukan kurciya daga nesa. Ina ƙarama nakan ɗauka duniya ce duka ta shiga ruwa, mu biyu kaɗai muka rage a busasshen wuri. Sau nawa barci ya sace ni a nan, kaina bisa buhun yashi, in farka in tarar ka kare mini rana da malfarka.

A cikin ɗakin nan ba ka ce musu iri, ba ka ce musu shuka. Yara kake ce musu. "Yau yara sun yi kunne biyu." "Kada ki tashe su, yara barci suke a ƙarƙashin ƙasa." A gaban mutane kuwa ba ka faɗa, ka ce kada a ce tsufa ya fara taɓa ka. Mu biyu kaɗai muka san wannan suna, ni da amininka Jumare, Bafillacen da rugarsu take bakin daji.

Jumare shi ke kawo maka busasshen kashin shanu. Ba ku taɓa gaisawa babu tsiya ba. Kana hango shi sai ka ce, "Duk garken nan naka, abin da za ka kawo wa abokinka kashi ne?" Shi kuma ya sauke buhu ya ce, "Kaɗo, kai da kake sallamata da ganye kamar akuya?" Sai ku zauna ku raba goro. Kashin nan za ka daka shi, ka haɗa da baƙar ƙasar da kake ɗebowa a gindin manyan itatuwan daji, da yashin rafi, ka tankaɗe da rariya kamar mai shirin tuwo. Sannan ka toya ƙasar a tsohon kasko don ƙwari su mutu. A fasassun tukwane kake shuka. Ba ka zuba ruwa da ƙwarya, sai dai ka tsoma tsintsiya ka yayyafa, ka ce ba a yi wa jariri wanka da ruwan tulu. Ƙofa kuwa ita ce babbar doka: a buɗe ta kafin rana ta ɗaga, a rufe in hadari ya taso. Ka ce gilashi uwa ce in ƙofa tana buɗe, in an rufe ta da rana tukunya ce.

Na tuna hutun da na dawo da ilimina sabo, na gaya maka malamarmu ta ce ganye yana numfashi. Ka dube ni ka ce, "'Yar boko, sai da aka kai ki har wata ƙasa a mota kafin ki san wannan? Da kin tambaye ni, da na rage wa ubanki wahala." Na ji kunya, na ce ai tsoho ba ya rasa abin faɗa. Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka.

Jama'a, abin da ya sa na ce ya cancanci a rubuta sunansa shi ne, bai taɓa sayar da abin da ya rena ba. Yakan ce ba a sayar da yaro, sai dai a ba da riƙo. Idan lokacin dashe ya yi, mata sukan zo daga Kusasu da Kutemeshi, har daga Kazage, galibi waɗanda mazansu suka mutu suka bar su da ɗan fili a bakin rafi. Ya naɗe wa kowace nata a ɗanyen ganye, da ƙasarsa a jikin saiwa, ya ce ta yi sauri kada rana ta same su a hanya. Bayan wata guda sai ya ɗauki sandarsa ya bi su ƙauye ƙauye, wai zai je ganin waɗanda ya ba da riƙo. Wata tsohuwa da ta zo gaisuwa ta ce mana shekara tara miyar gidanta daga hannunsa take fitowa, ko sunanta bai taɓa tambaya ba.

Akwai wani tumatir da ake kira ɗan Abarshi. Ƙarami ne, mai kaurin fata, ruwa ba ya fasa shi. Ba daga wajen Bature ya samo shi haka ba. Kowace shekara yakan zaɓi uwar da ta fi lafiya, ya wanke 'ya'yan da toka, ya shanya a inuwa, ya adana a gora, har irin ya zama nasa. Bana laima ta shiga gorar, irin ya yi fumfuna. Abin da ya tsira bai cika tafin hannu ba. Ya shuka shi gaba ɗaya a fasassun tukwane shida, bai rage ko ƙwaya ba. Sun yi kunne huɗu ke nan ciwo ya kwantar da shi. Kwana huɗun da ya yi a kwance ni nake buɗe ƙofa, ni nake yayyafi.

Ranar da ya cika, bayan an dawo daga maƙabarta, babban ɗansa, Kawu Mu'azu, wanda yake ɗinki a Zariya, ya zagaya ya sa kwaɗo a ɗakin Kaka, da rumbu, da akurkin gilashi. Ina so a fahimce ni, ba mugunta ba ce. Tsoron Allah ne. Ƙanensa, Kawu Ƙasimu, yana aikin reluwe a kudu, bai iso ba, kuma a cikin magada akwai marayu ƙanana. Ya ce ko tsinke ba za a taɓa ba sai an raba gado, kada wani ya ci wuta a cikinsa. Kowa ya ce ya yi daidai. Ni ma na san haka ake yi. Na buɗe baki zan yi magana, na ga zaure cike da manya, sai na haɗiye.

Washegari sama ta washe, aka buɗe rana irin ta tsakiyar damina, mai cizo. Gida ya cika da masu gaisuwa. Ni kuwa da na sami sarari sai in zagaya bayan danga in durƙusa in leƙa. Kaka, ban taɓa kallon ɗakin nan daga waje da ƙofa a rufe ba sai a ranakun nan. Gumin ya yi kauri, ba ya gangarowa. Ta bayansa nake ganinsu dishi-dishi, duk sun karkato wajen ƙofa, wasu sun jingina da gilashi. Na ɗora tafina a kai, zafi ya sa na janye. Sai na ga kamar ni ce a cikin ruwan nan yanzu, su kuma suna kallona, ba mai iya jin wani. Na koma cikin gida na ci gaba da wanke kwanuka. Kwana biyu ina haka. Wannan laifina ne, ban ɓoye shi ba.

Ranar sadakar uku da safe, ina raba wa mata gumba, sai na ji wata maƙwabciyarmu tana ba da labarin cikawarsa. Ta ce, "Allah sarki, bawan Allah mai son jikoki. Ai maganarsa ta ƙarshe kafin kalmar shahada, cewa ya yi, a buɗe wa yara ƙofa, kada zafi ya kashe su. Shi ne Mu'azu ya ɗaga asabari, aka shigo da jikoki suka kewaye shi, ya dube su ya yi murmushi." Mata suka yi ta share hawaye. Ni ba na ɗakin a lokacin, an aike ni ɗebo ruwa. Sai a nan na ji. Na ajiye ƙwaryar gumba.

Na fita bayan gida ban san inda zan sa kaina ba. A bakin danga na tarar da Jumare a tsaye, da buhunsa a ƙasa. Labari bai kai ruga da wuri ba, sai a hanya ya ji, ga shi ya riga ya ɗauko kaya. Yana kallon kwaɗon nan. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa ta'aziyya, ya yi mini. Ya ce, "Jikar Kaɗo, wa ya ɗaure yaran?" Da na ji ya faɗi sunan, sai kuka ya ƙwace mini. Na gaya masa duk abin da na ji. Sai ya ɗauki sandarsa ya nufi zaure. Na bi shi na tsaya a bayan zana.

Ya bari aka shafa fatiha, sannan ya ce, "Allah gafarta Malam, ina da tambaya. In mutum ya mutu ya bar saniya, akan kulle ta ba ruwa sai an raba gado?"

Liman ya ce, "Subhanallahi, wa zai yi haka?"

Jumare ya ce, "Ga shi an yi a gidan nan. Mu'azu, ubanka ya ce a buɗe wa yara ƙofa, ko bai ce ba?"

Kawu ya ce, "Ya ce, Baba Jumare, kuma na buɗe da hannuna."

"Ka buɗe wadda ba ita ba. Jikoki da ƙafafunsu, in zafi ya dame su ai sa gudu inuwa. Waɗanda ba su da ƙafa yake nufi. Shekara ashirin haka yake kiransu, ni da yarinyar can muka sani. Ku 'yan birni allura kuka sani."

Liman ya sa aka kira ni. Ban iya ɗaga kai ba, na dai ce haka ne. Sai Liman ya ce, "To wannan wasiyya ce. Kuma abin da yake shan ruwa, shayar da shi ba cin gado ba ne, tsare gado ne. Tashi, Mu'azu."

Ban taɓa ganin babban mutum ya yi sauri irin na Kawu a ranar ba. Ya buɗe kwaɗon. Wani turiri ya fito kamar an buɗe tukunyar dambu. Ya durƙusa ya shiga da farar rigarsa, gwiwa cikin taɓo, yana cewa, "Baba, ka yafe mini, ban sani ba." Tattasai da yalo duk sun kwanta, gindinsu ya yi baƙi ya sirance kamar zare. A cikin tukwane shida na tumatir, huɗu sun tafi. Biyu da suke kusurwar da inuwar ɗorawa take faɗawa suna tsaye, sun yi fari, sun yi tsawo, amma da ransu.

Saura yaye. Kaka ba ya fitar da abin da ya rena daga gilashi kai tsaye zuwa fadama, ya ce rana da iska za su kashe shi. Yakan fito da su inuwa da safe na ɗan lokaci, kullum yana ƙarawa, yana rage musu ruwa, har su saba da waje. Shi ne yake kira yaye. Na san yadda ake yi, amma tsoro ya kama ni, don waɗannan sun riga sun sha wuya. Sai ga Iya Huseina, wadda ta shiga takaba, wadda kuma tun da aka gina ɗakin nan ba ta taɓa sa kai ciki ba. Ta zo ta tsaya, ta ce, "Matsa. Na yaye 'ya'ya takwas, waɗannan ba za su gagare ni ba. Su ko maɗaci ba sai an shafa musu ba." Kullum da hantsi ita ke zama kusa da su a kan tabarma, tana jan carbi, tana matsar da tukwanen in inuwa ta matsa. Wata rana na ji tana ce musu, "Ku dai kun ci gidan Bature." Ban nuna na ji ba.

Kwana goma sha biyu aka yi ana haka. Jikinsu ya yi kauri, suka koma kore sosai. Matan ƙauye da suka zo gaisuwa, Kawu ya ba su haƙuri, ya ce bana babu riƙo, ɗan abin da ya rage za a dasa a fadamar mamaci don a sami iri, baɗi in Allah ya yarda su dawo. Shi da kansa ya ɗaga kunya, mutumin da ya shekara goma sha biyar bai riƙe fartanya ba, har tafinsa ya yi ƙurji. Jumare yana gefe yana cewa layin ya karkace. Ranar jajibirin komawata makaranta, bayan la'asar, muka dasa su, muka kafa wa kowane ganyen ayaba ya yi masa inuwa.

Da safe kafin lori ta tashi na ruga na duba. Duk sun langaɓe, kawunansu a ƙasa. Haka dashe yake yi, na sani. Kaka, kai kake cewa kwana uku suke kukan uwa, ran na huɗu ko su miƙe ko su tafi. Ni a ranar farko na baro su. Yau kwanana takwas a makaranta, wasiƙa ba ta zo ba. A aji, in malama ta juya tana rubutu, nakan dubi taga. Tamu ba ta gumi, fili ne kawai da turken ƙwallo, amma sai in ga fadama a ciki, da kai a durƙushe, ka ba ni baya, kana yayyafi da tsintsiya.

Allah ya jiƙan Malam Abarshi. Allah ya yalwata masa kabarinsa, ya sanyaya masa shi, ya haskaka shi. Yadda ya tausaya wa abin da ba ya iya kuka, Allah ya tausaya masa. Duk bakin da ya ci daga abin da ya rena, Allah ya sa a mizaninsa. Abin da ya yi na kuskure Allah ya yafe masa, ya sada shi da Annabin rahama, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ina miƙa ta'aziyya ga Iya Huseina, Allah ya ba ta haƙuri, ya sa ta fita takaba lafiya. Da Kawu Mu'azu, ina roƙonsa ya daina zargin kansa, kuma ya yafe mini da na kawo sunansa a jarida. Da Kawu Ƙasimu, da mahaifiyata Mairama, da Baba Jumare wanda ya rasa abokin tsiya, da matan Kusasu da Kutemeshi da Kazage. Mu kuma in tamu ta zo Allah ya sa mu cika da imani. Amin.

Malam Edita, na cinye maka fili da yawa. Abu ɗaya ya rage, ina jin nauyin faɗarsa. A ƙauyukan nan akwai malaman makaranta da suke karanta wa mutane jarida, kuma matan can suna jiran su ji ko baɗi akwai abin da za su zo karɓa. Kawu ya yi alkawarin zai rubuto mini. In wasiƙarsa ta zo, ko sun miƙe ko sun tafi, ina neman izininka in sake aiko maka da layi biyu kawai, in gaya musu.